JININ CIBIYAR JARIRI DA SANKARAR JINI A JIKIN MANYA



 Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, na gida da na asibiti.

Darasinmu na yau a kan wani abu ne da kowane gida yake wankewa ya binne bayan haihuwa, wato cibiya da mabiyiya. Tambayoyi sun yi yawa a kansu kwanan nan, daga Birnin Kebbi da Argungu har da Jega. Wani an ce masa ɗan'uwansa na da sankarar jini, sai an yi masa dashen ɓargo, kuma likita ya ambaci jinin cibiya. Wani kuma mai talla ne ya tare shi da kwalin magani, wai akwai "sitem sel" a ciki mai kashe kowace irin sankara. To mu zauna mu warware maganar daki-daki. A karanta har ƙarshe kafin a tura, don rabin ilimin magani ya fi jahilci haɗari.

*1. DAGA INA JINI YAKE FITOWA?*

Ɓargon da kuke tsotsa a ƙashin miya, irinsa ne a cikin ƙasusuwanmu, kuma a nan Allah Ya ajiye masaƙar jini. Babban mutum yana ɗauke da jini wajen lita 5. A cikinsa akwai ma'aikata iri uku. Jajayen ƙwayoyi suna ɗaukar iska su kai ko'ina a jiki, kowace tana rayuwa kamar kwana 120. Fararen ƙwayoyi su ne dakarun da ke yaƙar cuta. Sai wasu ƙanana masu daskarar da jini idan an yi rauni, su kwana 10 ma da ƙyar suke kaiwa.

Tunda suna mutuwa kullum, dole a riƙa sabunta su kullum. Masu wannan aiki su ne wasu ƙwayoyi da ke zaune a cikin ɓargo, waɗanda za mu kira irin jini. Su ne Turawa ke cewa sitem sel. Daga gare su ne ja da fari da mai daskararwa duk suke tsirowa, kamar yadda buhun iri ɗaya yake cika fadama da shinkafa.

*2. MECE CE SANKARAR JINI?*

Wani lokaci ƙwaya ɗaya cikin irin nan takan lalace, ta riƙa hayayyafa ba tsayawa, 'ya'yanta kuma ba su nuna balle su yi aiki. Sai su cika ɓargo su danne na kirki, kamar yadda ciyawa ke cinye gonar da ba a nome ba. Wannan ita ce lukimiya. Akwai 'yan'uwanta, limfoma mai kama ƙaluluwa, da mayeloma mai cin ƙashi.

Alamominta suna bin wannan bayani sau da ƙafa. Jajaye sun ragu, sai mutum ya ɗashe, ya riƙa haki, ga kasala. Fararen kirki sun ragu, sai zazzaɓi ya riƙa dawowa. Masu daskararwa sun ragu, sai haɓo, da jini a dasashi, da tabo mai duhu a fata ba tare da an buge ba, mace kuma al'adarta ta ƙi tsayawa. Akan ga ƙaluluwa marar zafi a wuya ko hammata ko matsematsi, da kumburin saifa a gefen hagu na ciki, da zufa cikin dare, da rama.

Ku lura da kyau, waɗannan alamomi sun yi kama da na maleriya da taifot. Shi ya sa mutum zai sha maganin maleriya sau uku sau huɗu, a koma cewa sammu ne ko iska, alhali ciwon yana can yana cin ɓargo. Ba ta yaɗuwa daga mutum zuwa mutum. A ci abinci tare da mai ita, a zauna kusa da shi, kada a ƙyamace shi.

*3. YADDA AKE DASHE*

Mutanen fadamar Argungu ba sa bukatar a koya musu dashe. Ana share fili, a kashe ciyawa, sannan a kawo shukar da aka raina a wani wuri a dasa. Haka likitoci suke yi. Da farko a ba mutum magani mai ƙarfi, wanda ake kira kemo, wani lokaci har da gashin haske, don a kashe ɓargon da ya lalace. Sannan a kawo irin jini na mai lafiya a ɗaura masa ta jijiya kamar ƙarin jini. Ba yanka ake yi ba. Ƙwayoyin da kansu suke bin jini su shiga ƙashi su zauna, su fara aiki. Sabbin dakarun da suka tsiro kuma sukan farauci ragowar sankarar da ta ɓuya. Likitan Amurka da ya yi fice a wannan fanni, Donnall Thomas, an ba shi kyautar Nobel a 1990.

Wahalar ita ce samun wanda zai bayar. Kowane mutum yana da wata shaida a jikin ƙwayoyinsa, likitoci suna kiranta HLA, kuma daban take da rukunin jini na A da B da O. Idan shaidar mai bayarwa da ta mai karɓa suka saɓa, sabbin dakarun sai su ɗauki jikin da suka shiga a matsayin abokin gaba, su far wa fata da hanta da hanji. Ko shaƙiƙinka uwa ɗaya uba ɗaya, damar ku dace sosai ɗaya ce cikin huɗu. 'Yan uba kuwa da wuya su dace gaba ɗaya. Idan an rasa a gida sai a duba rajistar masu bayarwa ta duniya, to amma mafi yawan waɗanda ke cikinta Turawa ne, shaidar kuma gado ce, baƙar fata ya fi samun daidai da shi a cikin baƙar fata.

*4. INDA CIBIYA TA SHIGO*

Jinin da ya rage a cibiya da mabiyiya bayan an yanke, cike yake da irin jini. Bayan jariri ya rabu da ita, sai ma'aikaciya ta sa allura a jijiyar cibiyar ta ɗebe jinin a leda ta musamman. Uwa ba ta jin komai, jariri ba a taɓa shi. Abin da ake samu yawanci bai wuce mililita 100 ba, wato kamar kashi ɗaya cikin biyar na ledar fiya wata. A gwada shi ko akwai cuta, a rubuta shaidarsa, a daskarar da shi a sanyin da ya kai digiri 196 ƙasa da sifili. A haka yana shekara ashirin da ɗoriya bai lalace ba.

An fara wannan dashe a watan Oktoba na 1988 a asibitin Saint-Louis da ke Paris a Faransa, a hannun likita Eliane Gluckman. Yaro ne ɗan shekara 5 daga Amurka mai ciwon ɓargo na gado, aka sa masa jinin cibiyar ƙanwarsa, kuma ya rayu har ya girma. A farkon shekarun 1990 aka buɗe rumbun ajiyar jinin cibiya na jama'a na farko a New York. Zuwa yanzu an yi irin wannan dashe fiye da sau 40,000 a duniya.

Falalarsa uku ce. Ta farko, dakarun jariri ba su riga sun koyi faɗa ba, saboda haka ko shaida 4 cikin 6 ce ta dace ana iya amfani da shi. Ta biyu, a ajiye yake, ba sai an je neman mutum ana lallashinsa ba, kuma mai lukimiya mai sauri ba shi da lokacin jira. Ta uku, farmakin da sabon jini ke kai wa jiki na dogon lokaci ya fi sauƙi a wannan hanya.

*5. ME YA SA NA MANYA YA FI WUYA?*

Amsar a mudu take. Irin da zai ishi ɗan lambu ba zai ishi eka biyar ba. Ana auna yawan ƙwayoyin da nauyin mai karɓa, to abin da zai wadaci yaro mai kilo 20 ya yi wa magidanci mai kilo 70 kaɗan. Idan iri ya yi kaɗan sai ya daɗe bai kama ba. Na ɓargon babba yakan kama cikin mako biyu zuwa uku, na cibiya kuwa yakan kai mako uku zuwa huɗu, wani lokaci ma ya ƙi kamawa. A duk tsawon kwanakin nan mutum ba shi da garkuwa, ƙaramar cuta tana iya kai shi kabari. Kuma ba a iya komawa wurin jaririn a ce a ƙaro.

Likitoci sun bi hanyoyi don magance wannan. A 2004 aka wallafa manyan bincike guda biyu, ɗaya daga Amurka ɗaya daga Turai, da suka nuna cewa babba mai lukimiya wanda ya rasa mai ba shi ɓargo zai iya amfana da jinin cibiya. A Jami'ar Minnesota aka ɓullo da haɗa cibiyar jarirai biyu a sa wa mutum ɗaya. Abin mamaki, daga baya ɗaya ce take rinjaye ta zauna, ɗayar ta ɓace. A watan Afrilu na 2023 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da wata hanya ta rainon ƙwayoyin a ɗakin bincike har su yawaita kafin a sa su. A gwajin da aka yi, fararen ƙwayoyi sun dawo cikin kwana 12 a maimakon 22.

Akwai kuma wata hanya da ta yi ƙarfi a shekarun nan, wadda aka inganta a asibitin Johns Hopkins: karɓa daga uwa ko uba ko ɗa ko ɗan'uwa wanda rabin shaidarsa kawai ta dace. Wannan ta rage yawan amfani da cibiya, domin kusan kowa yana da irin wannan ɗan'uwa. Likitan jini ne zai zaɓi wadda ta dace da mai ciwo.

Kada a ɓoye muku, dashe magani ne mai nauyi. Wasu suna rasuwa a cikinsa, wasu ciwon yakan dawo, kuma kemon da ake bayarwa kafinsa yakan hana haihuwa. Magidanci ya tambayi likita wannan tun kafin a fara, ya kuma shawarci iyalinsa.

*6. MISALI DAGA ƊAN ƘASARMU*

Seun Adebiyi ɗan Najeriya ne da ya tashi a Amurka. A 2009, yana kammala karatun lauya a Jami'ar Yale, aka gano yana da sankarar jini. Aka duba rajista ba a samu babban da ya dace da shi ba. Jinin cibiya aka sa masa a 2010, Allah Ya ba shi lafiya. Abin da ya gani ya sa ya tsaya har aka buɗe rajistar masu ba da ɓargo ta Najeriya a Inugu a 2012. Wata uwa ce can ta yarda aka ɗebi jinin da za a zubar, ba ta san wanda zai amfana ba. Ku dubi girman wannan sadaka.

*7. ME SHARI'A TA CE?*

Manzon Allah (SAW) ya umarci al'ummarsa da neman magani, kuma ceton rai yana cikin manyan manufofin shari'a. Jini mai kwarara najasa ne a wurin malamanmu, amma larura tana buɗe ƙofar da aka rufe, shi ya sa ƙarin jini ya halatta.

Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1988, ta halatta ɗaukar abin da jiki ke sabuntawa, kamar jini da fata, daga mai rai zuwa wani, da yardarsa, ba da ciniki ba. Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa kuma, a zamanta na 17 a Makka a ƙarshen 2003, ta yi magana a kan irin jini kai tsaye. Ta halatta ɗaukarsa daga cibiya da mabiyiya da izinin iyaye, ta haramta zubar da ciki da gangan don a samo shi.

Tambayoyi uku da aka fi yi:

Shin wanda aka sa wa jinin ya zama ɗan'uwan jaririn kamar na shayarwa? A'a. Majalisar ta Makka ta bayyana tun 1989 cewa ƙarin jini ba ya haramta aure. Nono ne shari'a ta rataya wa wannan hukunci.

Shin nasabarsa ta canza? A'a. Rukunin jininsa yana iya komawa irin na jaririn, amma 'ya'yan da zai haifa nasa ne, domin ƙwayoyin haihuwa ba daga ɓargo suke fitowa ba.

To binnewa fa? Jinin kawai ake ɗiba. Mabiyiya tana nan, a karɓa a binne ta da mutunci yadda muka gada.

*8. HALIN DA MUKE CIKI A NAN*

Gaskiya ɗaya ce, babu asibitin da ke yin wannan dashe a jihar Kebbi. A Najeriya an fara dashen ɓargo a asibitin koyarwa na Jami'ar Benin a 2011, a hannun likita Nosa Bazuaye, kuma yaro mai amosanin jini aka yi wa. Asibitin koyarwa na Jami'ar Legas ya fara nasa a 2024, shi ma a kan masu sikila. Babba mai sankarar jini da ke bukatar dashe yawanci sai an fita da shi, Indiya ko Saudiyya ko Turai, kuma kuɗin miliyoyi ne masu yawa.

To amma kada wannan ya karya muku zuciya, domin ba kowace sankarar jini ce ke bukatar dashe ba. Akwai wadda kemo kaɗai ke warkarwa. Akwai mai tafiyar hawainiya da ake kira CML, ƙwayar magani mai suna imatinib ake sha kullum, mutum ya yi shekaru yana nomansa da kasuwancinsa. Asibitin koyarwa na Ile-Ife ya daɗe yana cibiyar shirin tallafin wannan magani a ƙasar nan. Sanin wace iri ce ke jikin mutum shi ne mabuɗi, kuma da gwaji ake sani.

Matakin farko mai sauƙi ne: gwajin ƙidayar jini, wanda ake kira FBC. Wanda ke Argungu ya fara da babban asibitin garin. Wanda ke Birnin Kebbi ga Asibitin Sir Yahaya, ga asibitin tarayya da muka sani da FMC, ga na Kalgo. Idan sakamako ya nuna matsala, a nemi takardar turawa zuwa ga likitan jini, kamar a asibitin koyarwa na Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, ko Shika a Zariya, ko Malam Aminu Kano. Sakkwato dai ba nisa gare ta ba, ana iya zuwa a dawo a yini.

*9. GARGAƊI A KAN MAGANINMU NA GIDA*

A nan nake so ku buɗe kunne, don sana'ata ce. Allah Ya sa waraka a tsirrai, babu musu. Ɗaya daga cikin magungunan lukimiya, binkiristin, daga wani fure ɗan asalin Madagaska aka samo shi. Sai dai an tace shi ne, an auna shi da ma'auni mai tsanani. Wanda ya tafasa ganyen ya sha, guba ya sha. Babu sassaƙe ko jiƙo ko gari da zai share ɓargon da sankara ta cika. Mai maganin da ya ce maka zai iya, ya karɓi kuɗinka ya riƙe maka majinyaci wata uku, to ya ci amana, kuma zai amsa a gaban Allah.

Ƙaho: sunna ce mai amfani a muhallinta, amma kada a yi wa mai sankarar jini ko wanda ake zargin yana da ita. Masu daskarar da jininsa sun yi ƙasa, tsaga ƙarama tana iya zuba ba tsayawa, ga ƙofar da aka buɗe wa cuta. Haka sakiya, da cire haƙori ko belu a wurin wanzami.

Maganin ciwon jiki na kemis, irin su asfirin da ibuprofen, suna ƙara zubar jini. A bar su sai da izinin likita.

Zuma da habbatus sauda da zogale: abinci ne masu albarka. Amma mai shan kemo ko wanda aka yi wa dashe, garkuwarsa ta faɗi, ɗanyar zuma da garin ganye suna iya ɗauke da ƙwayoyin cutar da mai lafiya ba zai ji ba, shi kuwa su kwantar da shi. Wasu tsirran kuma suna karo da maganin asibiti a hanta. A nuna wa likita duk abin da ake ba shi, kada a ɓoye a ƙarƙashin gado.

Kwalin "sitem sel" na 'yan talla: irin jini rayayyen abu ne, a cikin tsananin sanyi yake zama, ta jijiya ake sa shi. Wanda aka zuba a leda ya sha ranar kasuwa, aka ce ka sa ƙarƙashin harshe, ba shi da alaƙa da abin da muke bayani. Kada a sayar da gona ko shanun huɗa saboda shi.

Ruƙiyya da addu'a da sadaka kuwa a yawaita, ba su hana zuwa asibiti, asibiti ma bai hana su.

*10. ABIN DA KOWANE GIDA ZAI RIƘE*

1. Zazzaɓin da aka yi wa maganin maleriya sau biyu bai tafi ba, tare da ɗashewa ko zubar jini ko ƙaluluwa, a je a ƙidaya jini a makon nan.

2. Ba a ɗibar jinin cibiya a gida, ba a ajiye shi a firij, ba a shan sa. Busasshiyar cibiyar da ta faɗi ma babu irin jini mai rai a cikinta.

3. Jariri shi ya fi kowa haƙƙi a kan jininsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a jinkirta ɗaure cibiya minti 1 zuwa 3 bayan haihuwa, don jinin ya koma jikinsa. A gaya wa ungozoma. A yanke da sabuwar reza, a shafa man kulohezidin da ake bayarwa a asibiti, ban da toka, ban da man goge baki.

4. Gidan da ke da yaro mai sikila ko sankarar jini kuma uwa tana da ciki, a tambayi likitan jini tun da wuri ko cibiyar mai zuwa za ta amfani yayansa. Cibiyar yaro ba ta maganin sikilar shi kansa, don gadon yana cikinta.

5. Mai sankarar jini yana shan ƙarin jini sosai. Matasa masu lafiya ku je ku bayar fisabilillahi. Wannan ita ce sadakar da ke hannunmu a yau.

6. Idan jinya ta faɗo wa maƙwabci, a haɗa hannu a masallaci da unguwa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Allah Shi ne mafi sani. Allah Ya ba mu lafiya mai amfani, Ya yaye wa masu jinya, Ya saka wa masu jinyarsu da alheri, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu. A tura wa 'yan'uwa, musamman gidan da ake fama da zazzaɓin da ya ƙi jin magani.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.